Hannu Kawai Zai Fito

Ke da kika rubuto a ƙarƙashin rubutuna na baya kina cewa, "Baiwar Allah kin yi dace, irin wannan saurayin ba a sake da shi," na ga saƙonki. Na karanta, na kife wayar a kan filo. Ba laifinki ba ne 'yar uwa, ni ce nake ba ku labarin rabi-rabi. Yau zan cike muku, tunda abin da nake ɓoyewa an riga ni tallata shi.

Ba ni da babban yatsa a hannun dama.

To, na faɗa. Ina ƙarama bel ɗin injin ba da wuta ya tafi da shi. Yayata mai ɗinki ce, tun daga lokacin duk rigar da za ta ɗinka mini sai ta ƙara wa hannun dama tsawo kaɗan, yadda ba mai lura sai wanda ya sani. Makaranta ma a kan haka na bar ta. Yara sun sa mini suna, ba zan faɗa muku sunan ba. Na ce ba zan koma ba, Umma ta ce to zauna. Na zauna. Har yau a zaunen nake.

Abin da ya hana ni haukacewa a ɗaki shi ne gem. Kawuna mai gyaran kayan lantarki ne ya kawo mini wata tsohuwar na'ura da mai ita ya bari a shagonsa, ya jona mini ita da talabijin, ya saka mini gem na gina gari. Irin wanda aka yi don kwamfuta ne, da maus ake buga shi: ka ja 'yar kibiya a kan allo, ka ɗora gida nan, ka haƙa rijiya can, ka ja titi. Maus kuwa zille mini yake, ba abin da zai tallafe shi ta gefe. Amma kwanturolar da ta zo da na'urar, wato abin da ake riƙewa a buga, tana da wani ɗan fili mai santsi irin na laftof. Allon shafa nake ce masa. In ɗora ta a kan filo bisa cinyata, hagu ta riƙe, manuniyata ta dama ta hau allon. Inda yatsa ya je nan kibiya za ta tsaya. Wallahi a wannan ɗan filin ba wanda zai ce wani abu ya ragu a hannuna. Har tsakiyarsa ta goge ta yi sheƙi saboda shafa.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, a cikin gem ɗin na haɗu da Gwani. Haka mabiyansa suke kiransa, yana da shafi inda yake gwada kayan gem a bidiyo, ya ce wannan a saya, wannan a bar wa mai shago abinsa. Gari ɗaya muke ginawa tare. Shi ganuwa da hasumiya, ni tituna da gonaki, da wani ɗan lambu a bakin rafi wanda ba ya amfanin komai, so kawai nake yi. Daga gem muka koma waya, daga waya ya nemi gidanmu.

Wata rana ya rubuto, "Wai ke wane irin maus kike da shi? Kafin in kafa hasumiya ɗaya kin gama unguwa."

"Ba maus ba ne. Kwanturola ce mai allon shafa."

Ya turo fuskokin dariya har suka cika layi.

"Don Allah bari! Abin da na yi bidiyo guda a kansa? Ƙarin nauyi ne kawai da ƙarin tsada, ya cinye wuri a banza. Mai son gem na maus ya nemi teburi ya sa maus. Mai son kwanturola ya koyi sanda kamar kowa."

Sandar da yake nufi 'yan guntayen nan ne guda biyu masu juyawa, ɗaya hagu ɗaya dama. Da babban yatsa ake murza su.

Na rubuta, "Sanda ba ta tsayawa inda kake so. Ka tura kibiya ta wuce, ka dawo da ita ta sake wucewa. Kamar ɗinkin maɓalli da muciya."

"Sabo ne kawai, ranki ya daɗe. Wa aka yi wa allon nan? Ragwaye masu son buga gem a kwance."

Na daɗe ina kallon kalmar. Na rubuta "akwai waɗanda," na goge. Na tura masa fuskar dariya guda ɗaya.

Na san za ku ce me ya hana in faɗa masa. Kafin shi an yi wani. Ranar da mahaifiyarsa ta zo ganina na manta na miƙa mata ruwa da dama. Ta kalli kofin, ta kalli hannun, ba ta sha ba. Ba su dawo ba. Tun daga ranar Umma ta kafa doka.

"Auta, ba ƙarya na ce ki yi ba. Cewa na yi ki bari ya san halinki tukuna. In zuciya ta kamu, ido ba ya gardama."

"In ya gani daga baya ya ce mun rufe shi fa, Umma?"

"Kafin nan manyansa sun shigo maganar, kunya ma ta ishe shi."

Yaya tana kan keke, allura a baki, ta ce, "Ke dai Allah ya jefo miki mahaukacin gem irinki kina mana iyayi. Ni da yatsuna goma cif, wa ya zo?"

Umma ta jefe ta da tsumman goge tebur.

Haka nan duk zuwan da ya yi nake zama a kujerar da ke jikin bango, damata ta bango, hannun a naɗe cikin mayafi. Shi kuma ya ɗauka kunya ce. Har yabawa yake yi.

Ranar Asabar ɗin nan da safe na ɗaga filo ban ga kwanturolata ba. Na duba ƙarƙashin gado, na zazzage kwandon wanki.

"Yaya, ba ki ga abin gem ɗina ba?"

"Kawu ya aiko a kai masa ya duba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Zo ki gwada rigar nan, Gwani ya ce da la'asar zai zo."

Doguwar riga ce ruwan toka mai ƙananan furanni, ta yi mata tattara a wuyan hannu. Mayafin ruwan zuma, mai faɗi, wanda in na yafa sai ya sauko har gwiwa. Umma da kanta ta fesa mini turarenta na unguwa. Aka cire ledar da ke kan kujerun falo, aka sa labulen baƙi mai ratsin shuɗi, aka jera lemo da biskit a tire. Na ga an fito da talabijin ɗin ɗakinmu da na'urar an ajiye a falo. Na tambaya, Yaya ta ce shara za ta yi. Shara da la'asar. Ban kawo komai a raina ba.

Ya zo da farar riga, ya naɗe hannuwanta zuwa gwiwar hannu, da gilashinsa da yake turawa sama da ɗan yatsa in zai yi magana. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina sonsa. Da ba na sonsa da abin bai kai haka ciwo ba. Ya durƙusa ya gaida Umma, ta amsa ta koma bayan labule, wai ta shiga ciki. Ina ganin yatsun ƙafarta ta ƙasa.

Ya ajiye wani kwali a gabana, an naɗe shi da takarda mai ƙyalli. Sai ya ciro wayarsa ya jingina ta da jug ɗin lemo, ya daidaita.

"Zan ɗauka don tarihi. Na san ki da kunya, kada ki damu, fuskarki ba za ta fito ba. Hannu kawai zai fito."

Bayan labule Umma ta yi tari.

Na fara yage takardar da hagu. Ya yi dariya.

"Ashe bahaguwa ce gimbiyar! Shi ya sa ake yi mini fintinkau."

Sabuwar kwanturola ce, fara tas, tana ƙamshin sabunta. Sanda a hagu, sanda a dama. Na juya ta, na sake juyawa. Babu allo.

"Yau na 'yantar da ke," ya ce. "Wannan ita ce ta ƙwararru."

"Tawa fa?"

"Yaya na roƙa ta sato mini. Na bar wa mai shagon da na sayi wannan, ya ce zai farke ta ya cire abin da zai yi amfani."

Na kalli Yaya da ke tsaye a bakin ƙofa. Murmushi take yi, tana ɗaga mini gira, wai an yi mini abin arziki. Sai da ta ga fuskata murmushin ya fara narkewa. Shekara da shekaru muna ɗaki ɗaya, ina bugawa tana ɗinki, ba ta taɓa kallon yadda nake yi ba. Ta san tsawon da za ta ƙara wa hannun riga. Ba ta san da wane yatsa nake rayuwa ba.

Ya jona komai, garinmu ya fito a talabijin. Ga ganuwarsa, ga titunana, ga lambun.

"Bismillah. Yau in ga saurin nan da idona."

Na ɗora ta a cinya. Ta cikin mayafi na tura sandar dama da manuniya. Kibiyar ta zabura ta haye rafi. Na dawo da ita, ta wuce gonaki. Gumi ya tsattsafo mini a ƙarƙashin ɗankwali. Na sake turawa, hannuna na hagu ya danna abin da ban yi niyya ba, sai ga ƙatuwar ganuwa ta faɗo a tsakiyar lambuna. Bishiyoyin suka ɓace.

"Kai! Lambun!" Ya dafe kai yana dariya. "Ki fito da hannun mana, wa yake buga gem cikin mayafi? Babban yatsa za ki ɗora a kai, kin ga, kamar haka."

"Auta!" Umma ta ƙwala daga bayan labule. "Zo ki duba mini tukunyar nan."

Ba tukunya a kan wuta, duk mun sani. Da na tashi da an wuce wurin, a sake wata Asabar ɗin, a sake wata ƙaryar. Ban san me ya hau kaina ba. Gajiya ce, ina jin. Na zare hannuna daga mayafi, na ja tattarar rigar baya, na ɗora shi a kan farar kwanturolar.

"Ga shi. Nuna mini inda zan ɗora."

Ya cire gilashinsa, ya mayar, ya sake cirewa. Ya kalli hannun, ya kalli sandar, ya kalli ganuwar da ke kan lambun.

"Ragwaye na ce," ya faɗa a hankali, kamar da kansa yake. Idonsa ya kawo ruwa. "Ki yafe ni. Don Allah ki yafe ni."

Bai sha lemon ba. Ya ɗauki wayarsa ya yi sallama. Ba wanda ya tuna cewa duk wannan lokacin wayar tana kallo. Ni ma ban tuna ba.

Washegari shiru. Ba saƙo, ba kira. Umma ta wuce ni a tsakar gida ta ce, "Kin ji daɗi," ba ta ƙara ba. Yaya tana taka keke tana jan hanci, wai mura. Ni kuwa, ku yarda ko kada ku yarda, wani sanyi nake ji a ƙirji. Ya gani. In ya dawo ya dawo da sani, in bai dawo ba ya bi sahun na farko.

Da yamma sai ga Yaya da gudu, zare a wuya, waya a hannu.

"Umma! Umma, bai gudu ba! Wallahi bai gudu ba!"

Sabon bidiyo ne a shafinsa. Ya rubuta a sama: Na yi kuskure a kan allon shafa. Yana zaune a gaban kantarsa ta kayan gem, yana magana a nutse. Ya ce gem ɗin da aka yi don maus yana son wurin da yatsa zai nuna kai tsaye, sanda kuwa tura kibiya take yi kamar amalanke. Ya ce ba kowa ke da teburi ba, ba kowa ke iya zama a kujera ba, kuma ba hannun kowa ne iri ɗaya ba. Ya ce a sa allon, ko da ƙarami ne, wanda ba ya so ya ƙyale shi. Duk gaskiya ne. Har da misalina na muciya ya ara, bai ce tawa ba ce.

Sai aka sa wani kiɗa mai sanyi. Sai ga mayafi ruwan zuma. Sai ga hannuna yana fitowa a hankali, an rage masa gudu don kowa ya ƙare masa kallo. An zana jan da'ira a inda yatsan ya kamata ya kasance. Sai muryata, tana rawa: "Nuna mini inda zan ɗora."

Ya dawo cikin hoton, ido jawur, ya ce, "Wannan ita ce wadda nake so."

Dubban mutane sun riga sun kalla. Yaya tana karanto abin da suka rubuta kamar mai rabon albishir. "Allah sarki baiwar Allah." "Namijin duniya, Allah ya ba ka ladan riƙe ta." "Ni kam da na gani, ko takalmina ba zan tsaya ɗauka ba." Wannan ta ƙarshen ta haɗiye rabinta, amma na gani da idona. Kafin magariba matar maƙwabcinmu ta kira, ta gane labulen falonmu. 'Yar ajinmu ta da, wadda ta fara sa mini sunan nan, ta turo mini fuskar kuka da zuciya.

A cikin duk bidiyon bai ce ina gama unguwa kafin ya kafa hasumiya ba. Ko sau ɗaya.

Umma har da ƙwallar daɗi. "Ya faɗa wa duniya yana sonki a haka. Me kuma kike nema, Auta?"

"Umma, ke fa kika ce in ɓoye. Tun ina ƙarama kike cewa in ɓoye."

"Ɓoyewar don a samu ne. An samu."

Na shige ɗaki na rubuta masa.

"Ka cire."

Nan take ya amsa. "Kin gani? Don ke na yi. Na so kowa ya san ni ne mai laifi."

"Ka ce don tarihi."

"Ai na cika alkawari, fuskarki ba ta fito ba."

"Fuska kowa yana da ita. Abin da ka nuna shi ne nawa."

Ya daɗe yana rubutu. "Ki duba saƙonnin da nake samu. Wani ya ce hannunsa ɗaya ya shanye, ya daina gem, yau ya san akwai hanya. Wata ta ce za ta nema wa mahaifinta. In abin ya yaɗu har masu ƙera su za su iya ji. Ba ke kaɗai ba ce."

Nan ne ya fi ci mini rai, domin ba ƙarya ya yi ba. Ni ma ina son mutumin nan ya koma gem ɗinsa. Ina son a sa allon a kowace kwanturola ta duniya. Amma da ya tambaye ni. Wataƙila in ce a'a, wataƙila in ce bari in yi tunani, wataƙila wata rana in ɗora hannun da kaina, a kan allona, ina gina unguwa, ba ina rawar murya ba.

Na rubuta, "Ranar da na ce maka sanda ba ta tsayawa, dariya ka yi. Maganar ba ta canza ba. Sai da ka ji tausayi ta zama gaskiya."

Na ƙara da cewa:

"Ka cire, ko ka daina zuwa."

Ya karanta. Alamar rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Na je na karɓo kwanturolarki kafin a farke ta. Gobe da hantsi zan kawo miki da kaina. Zan gyara komai, za ki gani."

Kun san zuciya ba ta da kunya. Da na ji tana nan da ranta, kwanturolar, sai da na rungume filo. Na ce to, ya ji. Zai cire bidiyon, ya zo shi kaɗai, ya miƙo mini, in karɓa da dama. Da safe har na goge shuɗiyar rigata, wadda Yaya ta manta ba ta ƙara wa hannu ba.

Da hantsi na buɗe shafinsa in ga ko ya cire. Yana nan. A samansa kuma ga wani jan ɗigo yana ƙiftawa, an rubuta kai tsaye. Na danna.

Layinmu na gani. Ga shagon mai cajin waya, ga kwatar da aka ɗora wa katako, ga ƙofarmu da fentinta ya ɓare ta ƙasa. Ban taɓa ganin ƙofar gidanmu ta yi tsufa haka ba. Hannunsa ya shigo cikin hoton riƙe da kwanturolata, an ɗaura mata jan ƙyalle. Ya karkata ta ga rana don a ga inda ya goge.

"Kun ga nan? Sawun yatsanta ne. Jama'a, na ɓata mata rai, ku taya ni ba ta haƙuri."

Zukata suna ta tashi a gefen allo kamar kumfar sabulu. Wani ya rubuta, "A nuna mana ita!"

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na ji a tsakar gida, sannan na sake ji a cikin wayar.

Umma ta fito tana gyara mayafi, fuskarta kamar an yi mata kyautar mota.

"Auta, ga shi nan! Yafa mayafinki maza." Ta kalle ni, ta kalli gajeren hannun rigar. "A'a, bar hannun a waje. Ai yanzu shi ake son gani."

Ban san lokacin da na wuce ta ba, ko takalmi babu. Na riga ta isa ƙofar. Na ɗora hannuna na dama a kan sakata na danne, yatsu huɗu a kan ƙarfe mai zafin rana. Tsakanina da allona katako ɗaya ne.

"Auta, matsa," in ji Umma, ƙasa-ƙasa. "Kada ki kunyata mu, duniya na kallo."

"Ranki ya daɗe?" ya ce ta bayan ƙofa. "Na san kina ji na."

Na buɗe baki. Muryar da ta fito ban san ina da ita ba.

"Ajiye ta a ƙasa. Ka kashe wayar."

Daga wayar da ke hannuna na hagu na ji maganar ta sake fitowa, dubban mutane suka ji ta tare da ni. Zukatan suka tsaya. Hoton ya yi rawa, ya sauka kan takalminsa, ya koma kan ƙofar.

Jan ɗigon bai mutu ba. Ni ma ban ɗaga hannuna ba.